Shafi Ɗaya da Shara Ta Tsallake

Ranar Juma'a da hantsi aka tsinci Steinar Hovde a kife kan gadar katako ta tashar jiragen ruwan Skarvholm, yana kakarin amai, gorar kofinsa ta gangara gefe tana tsiyaya. Shi ne matuƙin jirgin da ke ɗaukar marasa lafiya daga tsibirin zuwa babban gari, yau shekara ashirin da biyu. Ran nan sai wani ne ya tuƙa, shi yana kwance a baya. Kafin yamma likita ya faɗi abin da ya gani: guba ce aka zuba masa a kofi, ta ganyen furen nan mai kama da ƙararrawa da ke tsirowa a gindin dutse, wanda ke birkita bugun zuciya. Ya rayu da ƙyar, amma ba ya cikin hayyacinsa.

Ran Litinin aka turo Gunvor Tveit. 'Yar sanda ce, kuma a tsibirin aka haife ta, ko da yake rabonta da zama a can shekara goma sha tara. Marigayi mahaifinta shi ake kira idan maharbi ya raunata barewa ta shige daji, kuma tun tana ƙarama take bin sa suna duba ciyawa da laka. Yanzu a cikin kwamfuta take bin sawu. Abu ɗaya ta sauko da shi daga jirgi: masu ba tsibirin intanet sun tabbatar mata cewa ran Alhamis, wajen ƙarfe uku da rabi na yamma, an buɗe wani shafi na tsire-tsire masu dafi daga layin gidan taron gari.

Kantin Reidun ta fara shiga, don duk maganar da ba ta bi ta kantin nan ba, ba a yi ta a Skarvholm ba. Reidun na yanka cuku, mutum huɗu na tsaye ba wanda ke sayen komai.

"Kai, 'yar Tveit! Sai da aka kusa yin gawa kika tuna da mu?" in ji Reidun. "To, ba sai kin wahala ba, mun riga mun gama miki aikin. Ki hau bene a masana'antar kifi ki tafi da 'yar ƙasar Lituweniyar nan."

"Daiva? Me ta yi?"

"Me ba ta yi ba? Makon jiya da kunnena na ji tana yi wa Steinar tsawa a gidan taro. Ran Alhamis kuma an gan ta a kan dutse da bokiti. Ruwa ba ya tsami banza, yarinya."

"Kin ji abin da take faɗa masa?"

Reidun ta taɓe baki. "Wa ke gane maganarta idan ta fusata? Amma murya ai ba ta buƙatar tafinta."

Mutanen suka gyaɗa kai tare. Gunvor ta dube su. Ta san kowannensu, ta san iyayensu, ta kuma san wannan irin gyaɗa kan. Shi suke yi idan sun sami baƙon da za a ɗora wa kaya.

Gidan taron ɗaki ne babba mai warin katako da tsohon kofi. A kusurwa akwai kantocin littattafan aro da kwamfuta guda wadda tsofaffi da ma'aikatan kifi ke amfani da ita. A nan Steinar ke ajiye gorarsa duk safiyar Juma'a, a kan benci, yayin da yake zagayawa baya ya duba allon yanayin teku. Mutum uku ne ke da mabuɗi: Oddny mai kula da littattafai, wadda ƙanwar mahaifin Gunvor ce, Daiva mai share wurin, sai tsoho Aslak Brekke mai kula da tukunyar ɗumama ginin.

Gunvor ta kunna kwamfutar, ta duba inda ake dubawa, ta tarar da fili fetal. Akwai wata manhajar shara a ciki, irin wadda ke kwashe tarkacen fayilolin wucin gadi da jerin shafukan da aka ziyarta. Yawanci sama-sama ake gudanar da ita. Amma ran Alhamis, ƙarfe huɗu saura kwata, wani ya zaɓi sharar ƙarshe, wadda ba ta barin komai: tarihin bincike, kalmomin sirri da aka adana, har da 'yan alamomin da shafuka ke bari don su gane mai shiga idan ya dawo. Aka kuma sa ta rubuta wofi a kan gurbin abin da ta goge, yadda ko gwani ba zai tono ba.

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta kwafe abin da ya saura a na'urarta, ta bar kwamfutar a inda take, a kunne, kamar ba a taɓa ta ba.

Ta sami Daiva a bayan masana'anta tana wanke takalman roba da tiyo. Mace ce doguwa, hannayenta sun yi ja saboda ruwan ƙanƙara.

"Ni na sa manhajar," in ji ta, tun ba a tambaye ta ba. "Bara. Ina magana da 'ya'yana a kwamfutar nan, ba na son kowa ya bi bayana ya karanta. Laifi ne?"

"Ran Alhamis kin yi shara a kwamfutar?"

"Da ƙarfe ɗaya da rabi. Ƙaramar shara, wadda nake yi kullum."

"Daga nan fa?"

"Ranar hutuna ce. Na hau dutse na tsinko 'ya'yan itace."

"Ke da wa?"

Daiva ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shekarata shida a garin nan, Gunvor. Wa kika ga ya taɓa hawa dutse da ni?"

"Me ya haɗa ki da Steinar?"

Ta kashe famfo. Ta dubi tagar ofishin da ke sama, inda wan Steinar, mai masana'antar, ke zama.

"Tsakanina da shi ne."

"Idan kika yi shiru, da shirun za su ɗaure ki."

"Idan na yi magana, gobe ba ni da aiki, 'ya'yana ba su da makaranta. Zaɓa mini ɗaya."

Gunvor ta ciro biro. Ta rubuta lokutan a littafinta ta tafi, zuciyarta ba daɗi. Komai ya dace da matar nan, kuma dacewar ce ba ta kwanta mata ba.

Oddny ta tarbe ta da kofi da burodi, ta hau faɗan ramewar da ta yi. Da aka zo kan maganar Alhamis sai ta ce tana gida wuni guda, tana saƙa.

"Gwaggo," in ji Gunvor a hankali, "Reidun ta ga kekenki a ƙofar gidan taro da tsakar rana."

"Reidun ko kaza ta gani sai ta ce doki ne."

"Gwaggo."

Tsohuwar ta ajiye kofinta.

"Na je," in ji Oddny. "Na je na bincika wani abu, na roƙi Daiva ta goge mini. Watan jiya na tsaya a tsakiyar kantin Reidun ban san me ya kai ni ba. Shekaranjiya sunan babanki na nema na rasa, ɗan'uwana ciki ɗaya. Irin ciwon da ya ci mahaifiyarmu ne, na san shi. Ban so kowa ya sani ba tukuna. Yanzu kin ji, sai ki rubuta a littafinki."

Gunvor ta rufe littafin. Ta zaga ta riƙe kafaɗun gwaggonta, suka zauna haka, kofi ya huce. Ta zo neman mai laifi, ga abin da ta tono. Da ta fito sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta share ido kafin ta hau hanya.

Aslak Brekke na zaune a ƙofar gidansa yana gyaran koma. Shekararsa saba'in da shida, kusan rabin rayuwarsa a ɗakin rediyon manyan jiragen ruwa ya yi ta. Matarsa Borghild ta rasu watan Janairun bara.

"'Yar Tveit," ya ce, "tafiyarki irin ta ubanki, ido a ƙasa. Zauna."

"Ran Alhamis ka shiga gidan taro?"

"Kullum ina shiga. Tukunyar nan ta girme ki, sai da lallashi. Da safe na duba ta na fito."

"Kana taɓa kwamfutar?"

Ya yi murmushi. "Ni da ita sai gaisuwa. Hotunan Borghild nake kallo, shi ke nan. Ita ta zuba su a wani shafi, tun na ranar aurenmu, ta buɗe shi a kwamfutar can don ba mu da tamu. Ta tafi da kalmar sirrin a kanta. Na rubuta wa masu shafin, suka ce sai mai shi. To, mai shi tana maƙabarta. Sai dai in danna, ya buɗe da kansa, in kalla, in tashi."

"Kai ma kana ganin Daiva ce?"

Allurar komar ta tsaya a hannunsa.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Duk wanda ya ce ita ce, bai san kunya ba."

"Ta yaya ka sani?"

"Na san mutane." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Washegari Talata da safe Gunvor ta koma gidan taro ta zauna a bayan kantocin littattafai, inda mai shigowa ba zai hango ta da wuri ba. Oddny ce ta fara zuwa, tana mita ita kaɗai. Shafin aron littattafai ya ce ta sa kalmar sirri, shafin jadawalin jirgi ma haka, na coci ma haka.

"Tun ran Alhamis kowa ya zama baƙo a wurin wannan abar," in ji ta. "Ni da ke fama da kaina, ina zan tuno su?" Ta haƙura ta shiga kicin.

Wajen ƙarfe tara Aslak ya hauro daga ɗakin tukunya yana goge hannu da tsumma. Ya ja kujera, ya sa tabarau, ya danna sau biyu. Fuskar wata mata mai farar hula ta cika allon, tana dariya a cikin kwalekwale. Bai rubuta komai ba. Ya kai minti goma yana kallo, hoto bayan hoto, sannan ya tashi ya fita.

Gunvor ta fito daga bayan kantocin. Ta buɗe na'urarta, ta nemi fayil ɗin da manhajar ke ajiye zaɓuɓɓukanta, wanda jiya ta wuce shi don tana neman abin da aka goge. Akwai wani ɓoyayyen wuri a ciki, inda ake rubuta sunan shafin da ake so shara ta tsallake. Suna ɗaya ne a wurin. An sa shi ran Alhamis, ƙarfe uku da minti talatin da tara, minti shida kafin a share komai.

Ta daɗe a zaune. Mutumin nan shi ya koya mata ɗaura ƙugiya. Shi ya ɗauki akwatin gawar mahaifinta ta gaba.

Da yamma ta tara su a gidan taron: Oddny, Daiva da Aslak. Reidun ba a gayyace ta ba, amma ta zo da kek, bayanta mutum kusan ashirin suka jeru a bango. Gunvor ba ta kore su ba. Tana so su ji da kunnensu.

Ta faɗa musu an bincika guba a kwamfutar nan, an kuma share sawun. Ta ce Oddny ta zo da tsakar rana don wata bukata tata wadda ba ta shafi kowa ba. Ta ce Daiva ce ta sa manhajar.

"Ba na faɗa ba!" in ji Reidun.

"Ban gama ba. Wanda ya yi sharar nan ya goge komai na kowa. Amma kafin ya goge, ya tsaya ya ware shafi ɗaya ya ce kada a taɓa. Mai sauri, mai tsoron a shigo a same shi, ya ɓata minti shida a kan wannan. Ba wanda zai yi haka sai wanda ya san idan shafin ya rufe, ba zai ƙara buɗuwa ba har abada."

Ta juya allon ya fuskance su. Borghild Brekke na dariya a cikin kwalekwale.

Daiva ta dubi hoton, ta dubi tsohon, fuskarta ta canza.

"Ni na ware shi," ta ce da sauri. "Tausayinsa na ji. Ni ce..."

"Zauna, 'yata," in ji Aslak. Ya miƙe, ya dafa bayan kujera. "Kin ɗauki isasshen kaya a garin nan. Ni ne. Shekara talatin ina karanta littattafan na'urori a tsakiyar teku, wannan 'yar manhajar ba za ta gagare ni ba. Ni na bincika, ni na tsinko ganyen, ni na zuba a gorar tana kan bencin can."

"Aslak!" Oddny ta dafe ƙirji. "Steinar fa? Ɗan da ka riƙa a coci ranar suna?"

"Shi." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ranar da Borghild ta faɗi, ƙarfe bakwai na safe na kira shi. Ya ce teku ta yi hauka, sai ta lafa. Awa uku muna jira, tana riƙe da hannuna. A tsakiyar ruwa ta cika. Shekara ɗaya da rabi ina gode masa da ya yi ƙoƙari. Har kifi nake kai masa." Ya juya wajen Daiva. "Makon jiya ina ƙasa wajen tukunya, bututunta yana kawo mini maganar da ake yi a sama. Na ji abin da kika faɗa masa."

Duk idanu suka koma kan Daiva. Ta dubi wan Steinar da ke tsaye a bakin ƙofa, sannan ta yi magana.

"Ranar da Borghild ta faɗi, ni na je share rumfar jirgi. Na same shi a kwance a ƙasa, a buge, ko tsayuwa ba ya iyawa. Wayar na ƙara a gefensa. Teku kuwa lafiya lau take, da idona na gani. Na yi shiru don ina tsoro. Makon jiya na sake jin warin giya a bakinsa yana kan aiki, na ce ko ya faɗa da kansa ko ni in faɗa. Tsawar da kuka ji ke nan."

Ba wanda ya gyaɗa kai wannan karon. Wani ya dubi takalminsa, wani ya dubi rufi. Gunvor ta lura da fuskoki uku ko huɗu waɗanda ba su nuna mamaki ba ko kaɗan, Reidun na cikinsu, sai ta gane cewa buguwar Steinar ba sabon labari ba ce a Skarvholm. Sun sani, sun rufa wa ɗan gari asiri.

"Me ya sa ba ka zo wurinmu ba?" ta tambayi Aslak. "Da an bincika."

"Wa zai ba da shaida? Waɗannan?" Ya nuna bango da haɓa. "Ko ita, a kore ta? Ba ina wanke kaina ba ne, Gunvor. Abin da na yi mugun abu ne, tun ina yi na sani. Da na ji suna kiran sunan yarinyar nan, kwana huɗu ban runtsa ba. Da kin sa mata ankwa, da na zo da ƙafata."

"Da ka zo tun ran Juma'a," in ji Daiva, hawaye na zuba. "An tofa mini yawu a ƙofa, Aslak."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Mutane suka watse ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya je wurin Daiva ya ba ta haƙuri, sai Oddny da ta kama hannunta ta ce ta zo gida su ci abinci. Gunvor ta rubuta shaidar Daiva a kan Steinar, ta sa ta sa hannu a gaban wansa, ta kuma gaya masa a fili cewa duk ranar da aka taɓa aikin matar nan, ita da kanta za ta dawo. Ko hakan zai tsare ta, Gunvor ba ta da tabbas. Daga asibiti an bugo cewa Steinar ya farfaɗo, amma zuciyarsa ta taɓu, ba zai sake riƙe sitiyarin jirgi ba.

Jirgin 'yan sanda ya iso da ƙarfe biyar. Ba ta sa wa Aslak ankwa ba. Ya zauna kusa da taga, hularsa a cinya, teku a kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Da injin ya tashi ta ga ya dubi agogon hannunsa.

Da gefen jirgin ya taɓa gadar babban gari, inda motar asibiti kan tsaya ta jira, ya sake duban agogon. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo mata hannun don ita ma ta gani.

"Minti ashirin da biyar," ya ce. "Iyakar abin da Borghild take bukata ke nan a ranar."